Minti Ashirin na Kawu Shomari

Ana gobe sadakar arba'in ɗin Baba, Kawu Shomari ya shigo gidanmu na unguwar Magomeni da la'asar. Ya tsallake matan da ke wanke faranti, ya tsuguna a tsakar gida, ya tsinci tsinke ya fara zana taswira a ƙasa.

"Yaya, leƙo ki ga aikin masu ilimi," ya ce da Mama. "Ke dai ki sa a shimfiɗa tabarmi. Batun abinci ki cire shi a ranki, ya zama nawa."

Mama tana takaba, ba ta ko motsa daga bakin ƙofar ɗakinta ba. Ta ce, "Abu ɗaya na roƙa, Shomari. Motar marigayi ce za ta ɗauko. Shekara ashirin da shida tana kai wa mutane kayansu. Gobe ta kawo nasa."

Ga yadda abin yake. Manyan tukwane shida na pilau, wato shinkafa da nama, aka sa wata mai abinci, Bi Mwanahawa, ta dafa a kasuwar Kariyako, ta kuma ce ba za su sauka daga wuta ba sai sha biyun rana. Malamai da baƙi kuwa da an idar da azahar za su zauna karatu, da an shafa fatiha a ci. Ƙofar Bi Mwanahawa a wani matsattsen layi take, kuma a duk layin wuri ɗaya tak aka shata da fenti rawaya don lodi da sauke kaya, daidai tsawon mota ɗaya. Minti ashirin ake ba kowa. Wanda ya zarce, Bi Siwema ta hukumar birni za ta ɗaura wa tayarsa marin ƙarfe, janwe ta zo ta ja. Da tsakar rana jerin motocin da ke jiran wurin yakan kai bakin babban titi. Wanda ya zo sha biyu, sai la'asar zai taka rawaya.

Na ce, "Kawu, mu ajiye motar can bayan masallaci, mu ɗauki amalanke biyu su fito mana da tukwanen."

Ya ɗago ya dube ni kamar na ce ya ɗaura zane.

"Amalanke, Sudi? Ni? Ni da na kai tankar mai Lubumbashi, na dawo da ita da baya-baya saboda giyar gaba ta mutu?"

"Karen mota kake a tafiyar nan," in ji Mama, "kuma a Morogoro suka sauke ka."

"Shawarata suka ƙi ji, na sauka da kaina." Ya koma kan taswirarsa. "Ku saurara. Na karanta allon nan da idona. Cewa ya yi, minti ashirin ga motar da ke lodi ko sauke kaya. Ya faɗi lodi nawa? Bai faɗa ba! Kowane sabon lodi, sabon minti ashirin. Ƙarfe takwas za mu kama wurin da buhun kwakwa guda ɗaya. In sauke, in ɗora, in sauke, in ɗora. Sha biyu na yi, tukwane su fito su tarar da mota a bakin ƙofa, zaune kamar ango."

Na iya tuƙi. Baba ya koya mini tun ƙafata ba ta kai kuloci ba. Amma tun ranar da muka dawo daga maƙabarta na kasa zama a kujerarsa. Akwai ramin da jikinsa ya yi a soson, kuma ƙanshin man kanumfarin da yake shafa wa gwiwa bai fita ba. Sai na miƙa wa Kawu makulli. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka.

Washegari ya fito cikin farar rigar da zai zauna addu'a da ita, da baƙin tabarau. Sau tara ya gwada shigar da akori-kurar cikin rawayan nan. A na tara ya samu, bayan ya ture kaskon garwashin wani dattijo mai gahawa, Mzee Dilunga.

"Wane mahaukacin ne..." Mzee Dilunga ya taso da mafici a hannu. Sai ya ga motar, ya ga shuɗin fentin da lanƙwasasshen madubin hagu. Ya dube ni. "Kai ne ɗan Kondo?"

"Ni ne, Mzee."

Ya zuba mini gahawa, ya haɗa da alewar gyaɗa. Da na miƙa hannu aljihu ya buge hannun da mafici.

Kawu kuwa ya kunna sigina biyu, hagu da dama suna ƙyaftawa tare. "Manyan direbobi haka suke yi. Daga nesa kowa ya san aiki ake." Ya saki marfin bodi ya faɗi da ƙara, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

Bi Siwema ta iso tana tura ƙaramin baro, marin ƙarfe a ciki. Gajeruwa ce, ba ta sauri, ba ta ɗaga murya. Ta zaro alli daga bayan kunne, ta sunkuya ta rubuta lokaci a jikin taya.

"Ranki ya daɗe," in ji Kawu, "allin nan naki zai ƙare yau. Sai sha biyu za mu tashi."

"Ƙarfe takwas da ashirin za ku tashi."

Ya kai ta gaban allo, ya bi rubutun da yatsa, ya yi mata bayanin sabon lodi da sabon minti. Mutane suka fara matsowa. Ta saurare shi har ƙarshe, ta dubi allon, ta dube shi, ta dubi motar.

"Shekarata tara a layin nan," ta ce. "Mai motar nan bai taɓa cika minti sha biyar ba. Yana sauke buhun ƙarshe inji na tashe." Ta mayar da alli bayan kunne. "To. Allo dai bai faɗi lodi nawa ba, wannan ka yi gaskiya. Duk minti ashirin zan dawo. In na tarar kaya na motsi, in goge in sake rubutawa. In na tarar sun tsaya, ka ga abokina a baro."

"Kun ji ko?" Kawu ya juya ga jama'a. "Hukuma da kanta ta sara mini!"

"Ba sarawa na yi ba," in ji ta tana tafiya. "So nake in gani."

Buhun kwakwa ya sauka. Buhun kwakwa ya hau. Kawu ya hana ni taɓawa, ya ce yaran yanzu ba su san yadda ake karya gwiwa ba. A sauka ta uku ya dire buhun a kan dakalin bakin titi, ya juya yana koya wa wasu masu sayar da takalma yadda ake yin doka da doka.

Da ya waiwayo babu buhu.

Kowa a Kariyako ya san wannan, har akuyoyi. Kayan da ya taɓa dakali a gefen rawaya an sauke shi ke nan. Ɗan dakon da layi ya zo kansa ba ya tambaya. Zai dubi alamar da ke jikin buhu, ya saɓa, ya kai shagon mai alamar. Buhun Kawu kuwa tsoho ne, aro ya yi, kuma jan tambarin wani shago na can ƙasan kasuwa yana nan raɗau a jikinsa.

"Ɓarawo! An sace mini kaya!"

Chande, shugaban 'yan dakon layin, ya ɓullo yana goge wuya da tsumma. Ƙato ne, muryarsa kuma siririya. "Wa ya sace, maigida? Ni na kai. An karɓa, an gode, har an fara fasawa."

"Fasawa? Wa ya ce ka taɓa?"

"Dakali ya ce."

"Je ka dawo da shi!"

"Maigida, ɗan dako ba ya ɗaukar kaya ɗaya sau biyu. Mu ba irinka ba ne."

Layi ya ɗauki dariya. Can daga nesa kuma ga baron Bi Siwema yana ƙara, yana matsowa. Kawu ya waiga hagu, ya waiga dama, idonsa ya faɗa kan bencin Mzee Dilunga. Tsofaffi biyu ne a kai, da allon dara a tsakaninsu.

"Iyayena, ku ɗan tashi, aikin hukuma ne."

"Wasa bai ƙare ba," in ji ɗaya, bai ko ɗago ba.

"Sudi, kama can!"

Haka muka ɗaga benci da tsofaffi da dara muka ɗora a bodi. Tsofaffin ba su fasa wasa ba. Ɗaya ya miƙo kofi daga sama, Mzee Dilunga ya yi ɗage ya cika masa. Bi Siwema ta tsaya ta kalle su, ta goge taya, ta sake rubutawa. Ta dawo ta tarar muna sauke su. Ta sake dawowa ta tarar muna ɗora su, ɗayan yana cewa a yi a hankali, an watsa masa 'ya'yan dara.

"Na gaji da ganin bencin nan," ta ce. "Abin da ya hau ya sauka ya gama tafiyarsa. Sabon lodi ka ce. To, ina son ganin sabo."

A lokacin motoci huɗu sun jeru a bayanmu. Na farko gingimarin siminti ne, direbansa ya zuro kai ta taga.

"Kai mai tabarau! Haya ka kama a nan ne? Faɗa mana mu kawo maka gado!"

"Koyi aiki, ɗan'uwa, kyauta nake koyarwa!"

"Koya wa uwar gidanka!"

Muna sauke tsofaffi sai ga wata mata mai jiki, da 'yan dako biyu a bayanta ɗauke da katifu huɗu. Ta ga akori-kura babu kaya, marfin bodi a sake. A layin nan wannan ma'anarsa ɗaya ce: motar haya ce, tana neman lodi.

"Direba, Buguruni?"

Na buɗe baki zan ce a'a. Kawu ya taka mini ƙafa. Ta bayan baƙin tabarau ma sai da na ga idonsa ya yi haske.

"Hanyarmu ce, Hajiya. Loda!"

"Kawu," na ce a hankali, "tukwane fa?"

"Kafin sha biyu mun sauke. Sabon kaya ne ke kawo kansa, kai kana maganar tukwane. Ka ga dalilin da ya sa ka tsaya a aji biyu?"

Katifu suka hau. Matar ta hau ta zauna a kansu, domin mai kaya ba ya rabuwa da kayansa sai mota ta sauke shi a ƙofa. Bi Siwema ta zo, ta goge, ta rubuta.

Labari ya zaga kasuwa cewa akwai motar da ba ta cewa a'a.

"Tandika?"

"Hanyarmu ce!" Kwandunan kaji uku.

"Manzese?"

"Ai nan muka nufa!" Bokitai, an cusa su cikin juna, sun fi ni tsawo.

"Kigamboni, har tsallaken ruwa?"

"Ruwa kuma wani abu ne? Loda!" Firji, da wani siririn mutum da ke ta shafa shi yana cewa kada a kwantar.

Gabas, yamma, kudu, duk hanyarmu ce. Kujerar aski ta hau. Nonon ayaba bakwai suka hau. Buhun busasshen ƙananan kifi ya hau, ƙudaje suka biyo shi ba tare da an tambaye su unguwa ba. Kowane kaya da mai shi a kai. Bayan motar ya fara zama ƙasa sannu a hankali, kamar tsohuwa mai neman tabarma. Na zagaya na dafa ta. Baba bai taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Yakan ce da ita sannu in sun hau gada.

"Direba, yaushe za mu tashi?" in ji mai katifa.

"Yanzun nan, Hajiya."

"Tun ɗazu kake cewa yanzun nan. Kajin nan suna cin katifata!"

"Kajina ba sa cin soso," in ji mai kaji. "Masu tarbiyya ne."

Motocin baya sun kai goma sha ɗaya. Hon ya cika layi, har masu shaguna suka daina kiran ciniki suka fito kallo. Mzee Dilunga bai taɓa sayar da gahawa kamar ranar ba. Kawu yana tsakiya, riga ta jiƙe, yana ɗaga wa kowa hannu.

"Awa uku da rabi!" yake cewa. "A tarihin layin nan wa ya taɓa? Ku tambayi hukuma!"

Sha biyu da 'yan mintoci ƙofar Bi Mwanahawa ta buɗe. Ƙanshin ya riga ta fitowa: kanumfari, kirfa, nama da albasar da ta soyu har ta yi duhu. Layin gaba ɗaya ya ja numfashi. Aka fito da tukwane shida, kowace sai mutum biyu, aka jera a bakin ƙofa. Bi Mwanahawa ta dubi tulin da ke kan motar, tun daga ayaba har firji.

"Sudi, ina motar?"

"Ita ce wannan, Bi."

"A ina zan sa abincin? A kan kaji?"

Kawu ya tafa hannu. "Jama'a! An gode da haɗin kai. Yanzu kowa ya sauka da kayansa."

Sai sama ta faɗo.

"Mu sauka? Awa biyu ina gasuwa a rana!"

"Ka ce Manzese hanyarka ce!"

"Ni ya ce wa Tandika!"

"Wallahi ko gawata ba za ta sauka a nan ba," in ji mai katifa, ta gyara zama ta harɗe ƙafa.

"Chande, sauke su!" in ji Kawu.

"Ba ma taɓa kayan da mai shi ke zaune a kai, maigida."

"To ku matsa ku ga aiki. A Lubumbashi ni kaɗai na sauke injin niƙa!"

Ya tattare farar riga ya hau. Ya taka bokitai, suka zame. Ya dafa kwandon kaji, murfi ya buɗe, kaji biyar suka tashi, ɗaya ta bar masa shaida a kafaɗa. Ya isa ga firji, ya ture mai shi, ya rungume shi, ya karya gwiwa kamar yadda yaran yanzu ba su iya ba, ya yi kabbara, ya ɗaga.

Firji bai motsa ba. Bayan Kawu ne ya yi ƙara, ƙas, har direban siminti ya ji.

Ya tsaya a sunkuye, hannu biyu a buɗe, kamar mai ruku'un da ya manta abin da ke biye.

"Kawu, miƙe mana."

"Ina nazarin kayan ne."

"Maigida, nazarin ya yi tsawo," in ji Chande.

"Kada wanda ya taɓa ni! Wayyo. Kada wanda ya taɓa ni."

Cikin hayaniyar nan babu wanda ya ji ƙarar baro. Sai ganin Bi Siwema muka yi a gindin taya, ta dubi rubutun allinta, ta dubi agogo.

"Minti ashirin da uku," ta ce. "Ba abin da ya hau, ba abin da ya sauka, in ban da kaji, su kuma da kansu suka sauka." Ta durƙusa ta buɗe bakin mari.

"Sudi!" Kawu ya yi ihu ta tsakanin ƙafafunsa. "Tayar da mota, mu gudu!"

Na zura hannu ta taga na murɗa makulli. Ta yi tari ɗaya, ta yi shiru. Na sake. Ko tarin babu. Sai a lokacin na lura sigina biyun nan na manyan direbobi sun daina ƙyaftawa. Awa huɗu suna shan batir.

Na tsaya a nan, hannuna a kan makulli. Na hango Mama a bayan labule tana jin an shafa fatiha, tabarmi cike da mutane, faranti wankakku babu komai a ciki. Na hango motar Baba rataye a bayan janwe, gabanta a sama. Ni ba mai magana ba ne, a makaranta ma bayan aji nake zama. Amma na taka taya na hau, na riƙe ƙarfen bodi.

"Iyayena, ku yi haƙuri," na ce. "Motar nan ba haya ta fito ba. Ta Kondo ce. Yau kwanansa arba'in. Abincin can na sadakarsa ne, ana jira a Magomeni bayan azahar. Mahaifiyata ta ce motarsa ta kawo. Shi ke nan abin da ta roƙa."

Hon ya ɗauke ɗaya bayan ɗaya.

"Wane Kondo?" in ji mai katifa. "Kondo mai cewa *sannu da jira* ko da shi ya riga ka zuwa?"

"Shi."

"Innalillahi. Shi ya kai mini kayan ɗaki ranar da na tare." Ta cire takalmi ta maka wa Kawu a inda ya fi kusa da ita, kuma kun san yadda yake tsaye. "Kai kuma baƙin mugu, ba za ka faɗa tun safe ba?"

"Dabara ce, Hajiya, wayyo, dabara ba a faɗinta..."

Chande ya tofa yawu a tafin hannu. Ya yi fito sau biyu, 'yan dako takwas suka fito ban san daga ina ba.

"Kowa ya sauka minti biyar, ba wanda za a bari. Bi Siwema, dubi nan, kaya na motsi."

Bi Siwema ta dubi ayabar da ke wucewa ta saman kanta. Ta rufe bakin mari, ta mayar da shi baro. Ta goge taya. Amma ba ta rubuta komai ba.

Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Suka kwashe motar tas, Kawu ma suka ɗauke shi a sunkuyensa suka jingina da bango. Tukwane shida suka fara shiga, a ƙasa, a tsakiya. Aka naɗe su da katifu ta kowane gefe don kada su yi sanyi, kada su yi karo. Bokitai a kwance ta baya, ayaba a saƙo, kaji a sama. Direban siminti ya sauko da kansa.

"Firji da kifi da kujerar nan a sa a tawa. Magomeni ko? Simintin ya jira, ba ruɓewa zai yi ba."

"Mu ma can za mu," in ji mai katifa. "Mu yi wa Kondo addu'a, mu ci abincinsa, sannan ɗansa ya kai kowa gida."

"Har Kigamboni?" in ji mai firji.

"Har Kigamboni," na ce.

Saura Kawu. Chande ya zagaya shi yana dubawa, kamar yadda yake duba kowane kaya mai wuyar ɗauka.

"Wannan ba ya zaunuwa, ba ya kwantuwa. Sama za shi. Ku kama, ɗaya, biyu!"

"A hankali! Ni direba ne! Ku sa ni a gaba!"

Suka ɗora shi can ƙoli a kan katifa, a gicciye, suka zagaya shi da igiya sau biyu. Bi Siwema ta taka taya, ta miƙa hannu, ta rubuta lokaci ɓaro-ɓaro a bayan farar rigarsa.

"In an kai minti ashirin ba a sauke shi ba," ta ce, "a aiko mini."

Layin ya fashe. Har tsofaffin dara suka ɗago.

Babu wanda ya rage sai ni. Na buɗe ƙofa na zauna. Ramin kujerar ya fi ni faɗi, amma ya karɓe ni. Na taka kuloci, na sa giya ta biyu. A madubi na ga Chande da mutanensa, da masu takalma, da Mzee Dilunga da maficinsa, har da Bi Siwema da hannu ɗaya, duk sun dafa.

"Tura!"

Ta gangara, ta gangara, na saki ƙafa. Ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Kaji suka yi kuka, mata suka yi guɗa, daga sama Kawu yana ba da umarni: "Hagu! Na ce hagu! Yaron nan zai kashe ni!" Dama na bi, domin nan ne hanya.

Mun sauka kwarin Jangwani ana kiran salla. Da muka fara hawan gada na ji bakina ya ce mata sannu.

An fara karatu muka shigo layinmu, akori-kura a gaba, gingimarin siminti a baya, baƙin da ba wanda ya gayyata suna leƙe ta kowane gefe. Malamai suka ɗaga kai ba su daina motsa baki ba. Mama ta ji ƙarar injin tun daga nesa. Na tarar da ita tsaye a bakin ƙofar gida, inda ba ta tako ba kwana arba'in.

Ta dubi motar, ta dube ni a kujerar, ta daɗe. Chande, wanda ya maƙalo a baya, ya janye katifa ɗaya ya ɗaga murfi. Tururi ya tashi.

"Da zafinsa, Mama," ya ce.

Ta ɗora tafin hannu a kan gaban motar, ta bar shi a nan.

"Yaya!" murya ta zo daga sama. "Na faɗa miki ko ban faɗa miki ba? Awa huɗu da rabi a rawaya, ko tayar ba a taɓa ba! Ga abinci, ga ƙarin jama'a, har da motar rakiya! Ki ce su kwance ni, zan yi wa malamai bayani."

Mama ta ɗaga kai. Ta ga ƙanenta ɗaure a gicciye, tabarau a karkace, gashin kaza a gemu, rubutun alli a baya. Leɓenta ya fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Ta kama bakin mayafi ta toshe, kafaɗunta suna girgiza, sai dariyar ta ƙwace ta fito, irin wadda tun Baba na da lafiya rabon da mu ji ta.

Da ta samu numfashi ta share ido.

"Sudi, a sauke tukwane. A shigo da baƙi, a ƙara tabarmi."

"Kawu fa, Mama?"

"Wannan ban aika a kawo shi ba. A bar shi a nan har a shafa, kada ya yi wa malamai bayani."